Gurasar Kwarori a Bayan Labule

Mu uku muka fita ran nan: ni, da autata mai tsohon ciki, da mijinta da ya ja motar. Ta huɗunmu wata tsohuwa ce 'yar Labanan, sai a Birmingham muka same ta.

Na zo Manchester ne don in zauna da yarinyar har ta sauka, in yi mata jego yadda na yi wa yayyenta. A Whalley Range suke, cikin wani ƙaton gida da aka yayyanka kowa ya sami nasa ɓangaren. Nasu, falo da kicin a haɗe suke, tebur ɗaya a tsakiya. Ita asibiti take aiki, da sassafe take fita. Shi kuwa a gida yake nasa, a kan teburin nan, kwamfuta a gabansa daga safe har la'asar. Ɗakin kwana kuma an ce ba a shiga da abinci, mai gidan ya hana saboda ɓera.

Ni dai tunda nake ban taɓa kai loma baki a gaban suruki ba. Uwata ba ta yi ba, tata uwar ma haka. Shi kuma yaron ladabi ya yi masa yawa. Da ya ga na doshi tukunya sai ya miƙe ya zuba mini, ya ajiye a kan teburin, ya koma ya zauna yana fuskantata. Sai in ce na ƙoshi. Shayi da biskit nake yi a tsaye idan ya fita masallaci.

Na rame har zani ya fara zagaye ni da saura. Likita ya duba bai ga komai ba. Autata ta ce, "Inna, in abincin ƙasar nan ya ƙi ki, gara ki koma Kano kafin ki kwanta mana. Ba zan iya da ciki da jinya ba."

Maganar kunyar suruki ba a faɗar ta, 'yar da na haifa ita ya kamata ta gane. Amma in koma ban ga jikana ba, wannan ne ya tsaya mini a rai.

Surukin nawa ne ya kawo dabara. Ya ce mutumin Kano bai rasa sanin Kwarori ba, kuma abincinsu ya fi kusa da namu. Ranar Asabar za a zaga da ni shagunansu har a dace da abin da bakina zai karɓa.

Muka fara da wani gidan karin kumallo nan cikin Manchester. Aka cika tebur da ƙananan kwanuka. Ga wake an dafa shi ya yi lugub, an kwarara masa man zaitun da lemon tsami. Ga kindirmo da aka tace har ya yi kauri, labne suke ce masa. Ga tumatur da na'ana'a da zaitun. Na lura komai a tsaftace yake, kuma mai kawo abincin da dama yake miƙowa. Ƙamshi ya cika mini hanci. Surukina ya ja kujera ya zauna daidai gabana.

"Hajiya, bismilla. Ki ɗanɗana ko kaɗan ne."

Na ce, "Ku ci, Allah ya yi albarka."

Daga nan sai wata rumfa a bakin titi inda ake suyar falafil. Ƙosai ne dai, sai dai cikinsa kore, kuma ya fi namu ƙarfi. Mutane na tsaye suna ci, motoci na wucewa. A gaban suruki, kuma a kan titi. Na karɓa na riƙe a hannu har ya huce. Autata ta cinye nata ta cinye nawa, tana hararata.

"Shi ke nan," in ji ta. "Ka ga dai mun yi iya yinmu."

Ya ce saura wuri ɗaya. Wani abokinsa da ke karatu a Aston ya ba shi labarin wani shago a Erdington, wai uwar mai shagon a Kano aka haife ta. Muka ɗauki hanyar Birmingham, ina kallon gonaki da tumaki ta taga, ina tunanin yadda zan haɗa kayana.

Shagon ƙarami ne, da labule a bayan kanta. Tsohuwar ta fito tana goge hannu, fara sol, ta kusa sa'ata. Ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Daga wace unguwa?" Hausa tas, irin ta Fagge. Muka gaisa muka sake gaisawa. Ta kawo gurasa mai zafi, an shafe ta da mai da riɗi da wani garin ganye mai ɗan tsami. Surukina ya zauna gabana kamar kullum. Na naɗe hannu.

Ta tsaya tana kallona. A wajensu, ashe, a ajiye maka abinci ka ƙi ci kamar zagi ne. Na ga ranta ya fara ɓaci. Sai ta dubi yaron, ta dubi mai cikin, ta sake dubana.

"Wannan ɗanki ne?"

"Mijin 'yata ne."

Ta yi dariya har da dafa kanta. Ta ɗauki farantin, ta kama hannuna ta ja ni bayan labule, inda tanderunsu yake. Ta ba ni kujera 'yar tsugunno. "Ci abinki," ta ce. "Maƙwabciyarmu a Fagge sai da ta kwana biyu da yunwa a gidan 'yarta."

Na ci gurasar nan tas. Ta ƙaro wata da cuku, na ci. Ta zubo irin waken da na bari a Manchester, na sa hannu. Na gaya mata gishirinta ya ɗan yi yawa, ta ce bakina ne ya manta da abinci. Daga ƙarshe ta yanko mini kunafa, cuku mai zafi da ruwan sukari, muka sha shayi muna hirar Kantin Kwari na da.

Da muka fito ta tsaya a kan yaron. "Kai, ɗan nan, wa ya rene ka? Ka tasa surukarka a gaba kana ƙirga mata loma?"

Kunnuwansa kamar su faɗo don kunya. Autata ta ce, "Haba Inna, a wannan zamanin? Da kin faɗa ai."

Na ce, "Da kin duba ai."

A hanyar dawowa ba wanda ya ƙara zancen komawata Kano. Ledar gurasa da garin ganyen nan na kan cinyata, tsohuwar ta ba ni.

Washegari da na fito bayan na idar da lazimi, teburin babu kowa. Ya kwashe kwamfutarsa ya koma ɗakinsu ya rufo ƙofa. Na ɗumama gurasa, na soya ƙwai, na zauna na ci a tsanake har na ƙoshi. Sannan na shafa wa guda biyu mai da garin ganye, na rufe da faranti, na ajiye a bakin ƙofarsa. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya, na bar wurin kafin ya buɗe.