Ajin Latin Nawa Ni Kaɗai

Tun ranar da kakarmu ta wajen uba ta zo daga Kano ta sauka gidanmu a Silver Spring, a jihar Maryland ta Amurka, ta kafa doka: duk abin da aka ba ni, sai an ba abokiyar tagwaitakata irinsa. Takalmi iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, tsokar nama ma sai ta ɗaga biyun sama ta gwada. Na rantse da mura za ta kama ni, sai ta sa a samo wa 'yar'uwata tata. A wajenta ba a fifita ɗan tagwaye a kan ɗan'uwansa, don in ransa ya ɓaci ko tukunya ba ta tafasa a gidan.

Abu ɗaya na mallaka ni kaɗai, Kaka ba ta sani ba. A makaranta 'yar'uwata ta zaɓi Faransanci, ni na zaɓi Latin, harshen Romawan dā. Ba son matattu nake yi ba. Ajin nan ne kawai wurin da ba mai leƙa fuskata ya ce, "Wacce ce ke a cikinku?"

Wata Asabar da hantsi ina kicin ina haddar kalmomin da malamarmu ta ba mu, Kaka tana tsince wake.

"Ƙunƙunin me kike yi, ja'ira?"

"Karatu ne, tsohuwa, ya fi ƙarfinki."

"Gwada ni."

Son burgewa ya ja ni. Na ce gemini tagwaye ke nan. Par abu biyu da suka dace da juna, kamar ƙafar takalmi da 'yar'uwarta. Ambo dukansu biyun. Bini kuwa biyu-biyu.

"Ikon Allah! Ashe su ma sun san darajar tagwaye." Ta karkaɗe hannu. "To, ina littafin 'yar'uwarki?"

Na ji kamar in haɗiye harshena.

Kafin azahar ta tsare Baba. Mutumin da ma'aikatan asibiti ke rawar jiki in ya yi tari, sai ga shi a tsugune yana "To, Hajiya." Ranar Litinin zai je makaranta a mayar da 'yar'uwata ajina.

Na bi Kaka ɗaki, na bar wasa. Na ce mata ajin nan nake so, kuma ni kaɗai nake son zama a cikinsa.

"Ba ni ke da hakkin ba," in ji ta. "Kira ta."

'Yar'uwata ta shigo tana latsa waya. Kaka ta karɓe wayar, ta zaunar da ita.

"An ba wannan abin da ba a ba ki ba. Ranki ya ɓaci?"

Na san ko kyauta ba ta son Latin. Amma ta dube ni, ta langaɓe kai kamar marainiya.

"Ya ɗan sosu, Kaka."

"Me zai wanke shi?"

"Wanke-wanke. Na wata guda."

"Muguwa!" na ce.

"Wata biyu."

Sau uku Kaka ta tambaye ta ko ta yafe, sau uku ta amsa, sannan aka ce wa Baba ya yi zamansa.

Na wanke tukwanen da za su ciyar da Maryland gaba ɗaya. Ranar Litinin na shiga aji yatsuna duk sun yamutse, na zauna kusa da taga, na ɗora jakata a kujerar da ke gefena.