Batir na Bakwai

Ba kowa ke tuna fuskar Uzairu Rewaya ba, amma duk wanda ya taɓa kai masa gyara yana tuna yatsunsa, waɗanda wayar tagulla ta yayyanka har suka daina zubar da jini. Shekara ashirin ya yi a wani ɗan shago a kasuwar Katako da ke Jos yana naɗa wa injin niƙa da fanka waya, da famfunan da 'yan lambu ke jan ruwa da su daga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Yana da ɗabi'a ɗaya da ya gada daga maigidansa: in ya gama lissafin zagayen waya, sai ya ƙara kaɗan. Gyara ce, irin wadda mai tumatir ke ɗora wa mai saye a kan kwano.

Shagon da ke manne da nasa na Dalyop ne, kafinta, wanda suka shekara goma sha biyu suna cin rogo da ƙuli a kan benci ɗaya. Bayan rikicin 2001 Dalyop ya kwashe kayan aikinsa ya koma can cikin 'yan uwansa. Ba su yi faɗa ba. Sai dai an wayi gari babu wani dalilin da zai sa ɗaya ya taka unguwar ɗayan, kuma ba a zuwa haka kawai.

Uzairu ne ya samo dalili. Wani malamin jami'a ya kawo masa fanka, a nannaɗe cikin takardun da ya bugo daga intanet: zanen ƙaramin jirgin sama mai cin mutum ɗaya, wanda batir ke juya farfelarsa. Uzairu ya kira Dalyop a waya.

"Kai, oga Uzairu, ka fara shan wani abu ne?" Dalyop ya ce yana dariya. "Keke ma ba ka iya ba."

"Ni dai inji nawa ne. Fiffike naka. Ko katakon ya fi ƙarfinka?"

Haka suka fara haɗuwa kowace Asabar a wani fili a Naraguta, kusa da rumfar wani manomi da ya yarda su ajiye kaya. Asabar ba ta masallaci ba ce, ba ta coci ba, kuma filin ba na kowa ba ne a cikinsu.

Takardar ta faɗi abu ɗaya da ba ya buƙatar Turanci mai yawa: jirgi da matuƙinsa kada su wuce kilo ɗari biyu. Malamin ya ƙara da cewa iskar Jos ba ta da kauri saboda tudu, don haka gara su yi ƙasa da haka. Uzairu ya aro sikelin rataye nama daga wajen surukinsa, mahauci a mayankar Abattoir, yana auna kowane yanki. Ya samo injin tsohuwar motar ɗaga kaya ya sake naɗa shi. Batir huɗu ne lissafin ya ba shi dama, kowanne da nauyin ɗan akuya.

Ya sa na biyar, wai don kada wuta ta ƙare a sama. Bayan wata shida ya sa na shida.

Matarsa Tabawa ta taɓa tambayarsa yaushe jirgin zai tashi. Ya ce saura kaɗan. Ta dube shi ta ce, "Malam, shekara huɗu ke nan saura kaɗan. Kai da ka iya tada injin niƙa a yini ɗaya."

Gaskiyar ba ta faɗuwa. Ya san kowane batir da ya ɗora yana ƙara danne jirgin a ƙasa. Ya san lissafin fiye da kowa. Amma ranar da jirgin ya tashi, ko ya faɗi, aiki ya ƙare, kuma in aiki ya ƙare, me zai ce wa Dalyop ranar Asabar? Sai ya gaya wa kansa gyara ce kawai, ya sayo na bakwai.

Wata Asabar a 2007 Dalyop ya zo da wuri, bai ko zauna ba.

"Yau za mu gwada shi," ya ce.

"Wayar batir ɗin nan ba ta..."

"Yau, Uzairu."

Suka tura jirgin tsakiyar fili. Uzairu ya shiga, ya yi bisimilla, ya haɗa wuta. Farfela ta kama juyi da wani kuka mai daɗi, injinsa bai ba shi kunya ba. Jirgin ya ruga yana tsalle a kan kunyoyin da aka girbe, awaki na watsewa, ya ruga har bakin kududdufi. Tayarsa ko ɗaya ba ta bar ƙasa ba. Ya kashe wuta, ƙaurin waya na tashi.

Dalyop ya iso yana haki. Uzairu ya yi saurin cewa, "Nauyi ne. In muka cire batir uku, mako mai zuwa..."

"Na sani tun bara." Dalyop ya buga fiffiken da tafin hannu. "Ka taɓa auna wannan bayan na gama? Katakon maɗaci mai nauyi na sa a ciki, biyu-biyu. Na ce wa kaina don kada ka karye ne."

Kowa ya juya yana kallon ruwan.

"Atine an yi mata canjin wurin aiki," Dalyop ya ce, yana nufin matarsa. "Makurdi. Motar kaya za ta zo ranar Laraba. Mai rumfa kuma ya ce yana son wurinsa, zai zuba masara."

"Makurdi ai ba tudu ba ne," Uzairu ya ce. "Iskar can tana da kauri."

Dalyop ya yi dariya kaɗan, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya tafi neman acaɓa.

Uzairu ya kwance baturan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a ƙasa. Da ya zo kan fiffike ya cire ƙusoshin, ya ɗaga gefe ɗaya. Tsawonsa ya ninka shagonsa biyu, kuma mutum biyu ke ɗaukarsa. Ya tsaya riƙe da nasa gefen, ɗaya gefen yana cikin ciyawa.