Ranar da Na Kasa Tsayar da Surukin Seidu

Cikin duk shekarun da na yi ina odali, wato mai hidimar marasa lafiya, akwai wata Talata da har gobe ba ta fita daga raina ba. Bayan samun 'yancin kai ne da 'yan shekaru, a wani ƙaramin asibiti a unguwar Maamobi. Likitarmu Ba'indiya ce, tana koya wa masu hawan jini motsa jiki irin na ƙasarsu, yoga. A ƙarshe kowa zai kwanta rigingine kamar gawa, ido rufe. Mutanenmu ba sa son kwanciyar nan ko kaɗan.

Tayar da su daga kwanciyar shi ne aikina, kuma tashin yana da ƙa'ida. Ka fara motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka ja dogon numfashi, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka juya gefen dama ka ɗan huta. Sannan ka dafa ƙasa ka zauna, kai ne ƙarshen ɗagowa. Wanda ya zabura, jiri zai kwashe shi. Likita ta ce mini, "Musa, in suna kwance, ko waye ya zo ya jira a waje."

Cikin masu hawan jinin akwai Seidu, direban lori a tashar Tudu, mai 'ya'ya biyar. Ran nan za a auna shi a ba shi takardar komawa aiki, bayan wata uku a gida. Yana kwance sai ga surukinsa, Alhaji, ya taso daga unguwar Nima dubiya.

Na ce, "Baba, a ɗan dakata."

Ya ce, "Ɗana, gaisuwa kawai zan yi."

Kunya ta kama ni. Ina ni ina tare dattijo a bakin ƙofa? Na kauce.

Alhaji ya yi sallama. Wa zai ji muryar surukinsa ya ci gaba da miƙe ƙafa? Seidu ya zabura tsaye don ya durƙusa ya gaishe shi. Ko taku ɗaya bai yi ba ya yanke jiki ya faɗi, kansa ya daki bakin benci.

Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake riƙe sitiyari ba. Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma ya fi mini sauƙi. Daga baya nakan gan shi a tasha yana kiran fasinja wa yaran da ya koya wa tuƙi, kuma kullum shi yake fara gaishe ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in an ba ku tsaron ƙofa ku tsare ta. Da na tsaya, Alhaji zai yi fushin kwana biyu ya huce. Seidu shekara goma sha ɗaya ya yi da hannun nan, har Allah ya karɓi abinsa.