Shekara tara babu mai ƙirga mana harsashi

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sarjan Asumana makwancinsa a Sabon Gida. Duk shekarun da ya yi cikin kaki harsashi bai taɓa shi ba. Ciwon ciki na kwana shida, bayan yankan gero, shi ya tafi da shi a kan tabarmarsa. Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara da dariya nake tuna shi, amma bana dariyar ta ƙi zuwa. Ɗansa Hamidin ya tafi soja. Uwarsa ta roƙe ni in hana shi, na kasa.

Wanda bai san Asumana ba ya tambayi duk wanda ya taɓa zama a rumfar kallo ta bayan kasuwar Madawa. Da ya ajiye aiki ya koma gona, ranar kasuwa bayan azahar can za ka same shi a bencin gaba, ya harɗe ƙafa. Finafinan da ake so a lokacin su ne na juyin mulki: an sace shugaban wata ƙasa, janar ya ci amana, sai wani ƙato shi kaɗai ya shiga fada ya gyara komai. Da an fara harbi Asumana zai fara ƙirga da ƙarfi. In ya kai talatin sai ya ɗaga hannu ya ce, “Sun ƙare! Abin da kuka ji daga nan, ƙarya ta.” Shi ko ƙaton yana ta ɓarin wuta, bai ko dubi gidan harsashinsa ba.

Ba abin da yake wuce masa. In ƙaton ya zare kunnen gurneti da haƙori, sai Sarjan ya ce a gwada a ga wanda zai koma gida da haƙoransa. In an harbe shi a kafaɗa ya ɗaure da ƙyalle ya hau katanga, Asumana ya yi tsaki har na baya su ji. Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a bayan fada ba wanda ya ji ƙararsa, mota ta ratsa daji kwana uku ba a zuba mata mai ba, janar mai tumbi ya bar ofis ya shiga gaba da ƙaramar bindiga, duk sai ya tsaya a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa tambayar rumfa gaba ɗaya: mutum uku sun ƙulla juyin mulki a teburin cin abinci, to wa zai dafa wa dakarun da za su fita? Da fari mai rumfar roƙonsa yake ya yi shiru. Daga baya in Sarjan bai iso ba, 'yan kallo ba su yarda a kunna.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe a wajenmu; na ɗauki abin raha kawai, har wata rana a hanyar komawa gida na ce masa yana ɓata wa mutane daɗi. Sai ya ce, “Ka ga waɗanda anka zubar bakin ƙohwa tun farkon fim, ba suna, ba mai waiwayarsu? Su na mu. Ban son yaro shi tahi soja da wanga fim cikin kai.” Ya ce aikin soja jira ne: ka jira ruwa, ka jira mota, ka jira umurni, ƙafarka tana ruɓewa cikin takalmi. Bai taɓa ganin an nuna wannan ba.

Yau rumfar ta zama shagon cajin waya, fim kuma yana aljihun kowane saurayi. Da Hamidin ya fara maganar soja, uwarsa Dije, wadda a da ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, ta zo gidana ba wasa a fuskarta. Sai na yi abin da nake jin yayana zai yi. Na zaunar da Hamidin ƙarƙashin itacen bedi, na ce ya kunna mana irin fim ɗin da yake kallo, na shiga ƙirga harsashi kamar aku. Na kawo maganar gurneti, na kawo ta ruwa da takalmi. Ya bar ni har na gama, don yana da ladabi.

“Baffa, duk na san wanga,” in ji shi. “Ina gehen Baba sa'ad da yaka hwaɗinsu. Kowa na kallon fim, ni shi nika kallo. Rumhwa cike da mutane, shi ɗai ya san gaskiya. Ina son in san abin da ya sani.”

Ashe maganin da yayana ya yi shekaru yana shafa wa 'ya'yan wasu, shi ne ya zama ciwo a gidansa. Me zan ce? Ban taɓa riƙe bindiga ba, alli na sani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na raka shi tashar Madawa, uwarsa ta ƙi fitowa daga ɗaki.

Nakan tambayi kaina me Asumana zai yi da yana nan. Wata rana in ce da kallo ɗaya zai zaunar da yaron. Wata rana kuma in ce zai yi shiru ne ya koya masa yadda ake kula da ƙafa, yana ɓoye alfahari. Gaskiya ban sani ba, wannan rashin sanin kuwa yana cina. Gonarsa tana nan ana nomawa, zantukansa suna bakin mutane ana dariya, ɗansa ya ɗauko tsayinsa da taurin kansa. Idon da yake raba gaskiya da ƙarya ne bai bar wa kowa ba, shi muka fi bukata yanzu.

Kwana ashirin ke nan wayar Hamidin ba ta shiga. Shekaranjiya da hantsi Dije ta shigo da wayar maƙwabciyarta, an turo wani hoto mai motsi: motoci sun ƙone a cikin daji, ana gudu, ana ihu, ba a faɗi gari ba, ba a faɗi rana ba. Ta miƙo mini wayar.

“Mushe, kai ka yi karatu. Diba mani. Wanga fim na, ko can inda ɗana yake na?”

Na kalla sau uku, har na cire tabarau na goge na sake kallo. Na ce mata ban sani ba. Ta karɓi wayar, ta gyara lulluɓinta, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban hanya hagu da dama, tana neman gidan da za ta shiga ta tambaya.