Alƙalancin da Aka Ɗora Mini Tsakanin Kwamfuta Biyu

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kai ni gidan Kawu a Rayfield shi ne ɗumin ɗakin samari. Ko'ina sanyin Jos ne, amma ɗakin nan kamar an kunna murhu. Lokacin ina aji biyar na sakandare, ga ni da kunya, ko ido ba na iya haɗawa da babba. Daga unguwarmu ta Congo-Russia aka mayar da ni can saboda kusa da makaranta, kuma Mama ta ja mini kunne kada a taɓa jin kaina da kowa a gidan mutane.

Ɗumin daga kwamfutocin wasa biyu yake fitowa, na 'ya'yan Kawu, Babban Yaya da Ƙaramin Yaya. Kowacce tana da katin hoto mai tsada, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a wasan. Na Babba na kamfanin da suke kira kore ne, na Ƙarami kuma ja. Kullum musu. Babba ya ce nasa ya fi fitar da haske da inuwa, Ƙarami ya ce suna kawai ya saya, shi nasa bai kai wannan tsada ba amma gudunsu ɗaya. Da an ɗauke wuta su biyun suke shanye batirin sola, har firjin Anti, matar Kawu, ya tsaya. Kawu ya gaji, ya ce ɗaya za a sayar, a riƙa karɓa-karɓa da wadda ta fi.

Tsautsayi ya sa na kai musu abinci wata rana, bakina ya suɓuce na ce inuwar bishiya tana rawa a allo ɗaya. Suka duba, haka ne. Nan take suka sa mini suna Alƙaliya, Kawu ma ya yi dariya ya ce abin da na faɗa shi ke nan. Sai suka riƙa zaunar da ni bayan makaranta, su lulluɓe kwamfutocin da zane, su sauya wayoyi, wai don kada in san ta wa nake kallo. Abin da ba su sani ba, fankar jan katin tana wani siririn kuka idan ta ɗau zafi, ta koren kuwa huci kawai take yi. Tun kafin hoto ya fito na san mai shi.

Kuma gaskiya na ga bambancin. Ruwan da kore ke zanawa kamar ka tsoma hannu, ja kuma ba ya sarƙewa, ga sauƙin kuɗi. To amma Babba ke kai ni makaranta a mota, Ƙarami ke koya mini lissafi. Babba ya riƙa tsokanata cewa in na ƙi nasa, keken haya bai ƙare a titi ba, Ƙarami ya ce lissafi ba ya zama a kan maciya amana. Da wasa suke faɗa. Kullum sai in ce a sake nuna mini, su kuma su sauko da wani wasan. Haka zangon ya tafi, littafaina a rufe, idona yana ruwa, ban iya cewa na gaji ba. Da sakamako ya fito na faɗi darasi biyu, har da lissafin.

'Yan uwana masu kunya da ke zaune a gidan dangi, idan aka miƙo muku hukuncin da ba naku ba, ku ƙi tun ranar farko, cikin ladabi. Jinkirin da na ɗauka kariya ce, shi ya ƙara ɗaure ni, domin kowa ya ɗauka ina jin daɗin abin.

Da safen da zan kai wa Mama sakamakon, na sami Kawu a bakin mota, na durƙusa. Na faɗa masa zanen da suke lulluɓa wa kwamfutocin bai taɓa ɓoye mini komai ba. Na roƙe shi don Allah ya zaɓa da kansa, kuma kada ya gaya wa yayyena na zo wurinsa, domin ranar Litinin a motar ɗaya zan tafi makaranta, da yamma in zauna gaban ɗayan koyon lissafi.