Dada Asta Ba Ta Cewa A'a

Tsoro ya fara kama ni ne ranar da na hango Dada Asta tana juye shayin da na ba ta a gindin darbejiya. Sati uku ke nan kullum ina haɗa mata, kullum tana karɓa hannu biyu tana godiya.

"Dada, ashe ba kya sha?"

"'Yata, madarar gwangwani? Ni da nake tatsar saniya tun ba a haifi babanki ba?"

A wata ruga kusa da Jakusko aka haifi Dada. Shekara arba'in tana kawo nono kasuwar Gashua, ba wanda ya taɓa jin "a'a" a bakinta. In ciniki bai yi mata ba, sai ta ce "to", ta rufe ƙwarya da faifai ta yi gaba.

Ita ke kawo jikanta Mahfuz, ɗan shekara bakwai mai jinkirin magana, cibiyar koyar da irin waɗannan yara a Gashua, inda na samu aikina na farko bayan gama jami'a. Dokar aikinmu ita ce a tambayi yaro kafin darasi, in ba ya so a ƙyale shi. Kullum na tambayi Mahfuz sai ya ce "to", ni kuwa in rubuta "ya amince". Har shugabarmu, Hajiya Karima, ta bugo daga Nguru ta yaba mini.

A gindin darbejiyar nan na ce, "Dada, shi Mahfuz fa?"

"Ɗan gidanmu ya ƙi maganar malama? Ai da kunya ta kashe ni. Kuma ta ina zai bi, ga ni zaune a bakin ƙofa da ƙwarya?"

Washegari na roƙe ta ta koma inuwa. Na buɗe ƙofa na ce, "Mahfuz, ko ka zauna ko ka fita, duk wanda kake so."

Ya ce "to", ya suri takalmansa, ko waiwaye babu. Wurin awakin maigadi ya nufa, ya tsuguna yana raɗa wa kowacce suna. Ban taɓa jin magana mai yawa haka daga bakinsa ba. Dada ta yi ta dariya har da hawaye.

Na rubuta wa Hajiya Karima gaskiya: rahotannina duk ba daidai ba ne, kuma ina neman izinin mayar da darasi wurin awaki, in shi ya so. Yau kwana huɗu ba amsa. Ran Litinin za ta zo Gashua, ranar zan san ko ina da sauran aiki.