Kwandon da Na Saukar wa Yarima

Ƙarar kofunan shayi na fara ji, suna kaɗawa a kan kanta kamar an bangaji bango. Hantsi ne, ina wanke shinkafa. Kafin in ce innalillahi gilashin tagoginmu duk ya zubo. Bam ne ya tashi a wata mota a bakin layinmu, a unguwar Hayyus Sabi'. Allah ya tsare, 'yata mai shekara biyar tana banɗaki.

Lokacin sanyi ne. Muna hawa na huɗu. Maigidana, wanda karatu ya kawo mu Alƙahira, ya liƙa kwali a tagogin, iska tana ɓalle shi. Yarinyar ta kama tari, har ƙirjinta yana fito. Mai gidan haya ya ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, za a gyara.

Can sai ga ma'aikata, wai wani yarima daga ƙasashen Larabawa zai zo jaje. Suka sa gilashi a hawa na ɗaya da na biyu, iyakar inda ido zai kai. Suka yi fenti, suka jera shuke-shuke a tukwane. Namu kuwa ƙaton ƙyalle aka sako daga rufin bene aka lulluɓe. Bawwab, mai gadin gidan, ya hawo yana haki ya ce gobe kada a ga shanya, kada a ga fuska, balle tamu ta baƙi. Maigidana ya ce in yi haƙuri, takardar zamanmu a hannunsu take. Na ce to. Da safe ya tafi darasi.

A nan kowace mace tana da kwando mai igiya, da shi muke sayen burodi daga baranda. Gilashin da na share ban zubar ba, ban san dalili ba. Da na ji jiniya sai na ɗebi rabi na zuba a kwandon, na ɗage ƙyallen nasu, na yi bismillah na fara sakin igiya.

Ya sauka daidai gaban farar rigar yarima. 'Yan rakiya suka zabura, bindigogi suka kallo sama. Ina ta hasbunallahu, amma ban ja ba. Wani ya daka min tsawa, yalla, in janye.

Da guntun Larabcina na ce, "Tagar 'yata ce. Ya gani."

Sai na ji igiya tana gogar bango a samana. Tsohuwar hawa na biyar ce, Bamisriya, wadda ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ita ma ta sako nata kwandon da ɓaraguzai, tana cewa, "Riƙe da kyau, 'yata, in sun isa su hawo."

Yarima ya ɗaga kai. Ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya yi wa na kusa da shi raɗa. Aka taɓa kwandon, aka yi min alama in ja. Motoci suka tashi.

Na jawo. Sun kwashe gilashin, sun sa kwalin dabino da aka ɗaure da zare mai ruwan zinariya. Na tsaya riƙe da shi, iska tana kaɗa kwalin tagar a bayana.

'Yata ta leƙa ciki, ta yi tari, ta dube ni.

"Umma, bai gane ba. Akwai sauran gilashi a bayan ƙofa, sake saukar masa."